Filash Ya Huta: Yadda Ake Haɗa Laftof Da Firinta Ta Layin Umarni



Saura kwana tara mu miƙa namu furojet ɗin na shiga wani shagon buga takardu a bakin get, riƙe da filash, don in fitar da babi na uku da na huɗu in kai wa sufabaiza. Aka buga, na biya, na fito. Da daddare abokin ɗakina ya ari filash ɗin zai kwashi wani abu. Yana sokawa a kwamfutarsa sai ga foldodi duk sun koma shotkot. Kun dai san wannan bairos ɗin, babu ɗalibin da bai taɓa gamuwa da shi ba. Ni Allah Ya rufa mini asiri, laftof ɗina Ubuntu take ɗauke da shi, kuma ina da kwafin komai. Shi kuwa bawan Allah kwana biyu ya yi yana wanke kwamfuta, yana harara ta, alhali nasa aikin na jiran sa.

Abin haushin shi ne a ɗakin kwamfuta na sashenmu akwai firinta babba, da kebul na netwok a bayanta, kuma an yarda ɗan ajin ƙarshe ya buga idan ya zo da takardarsa. Washegari na sami malamin da ke kula da ɗakin na ce, "Malam, don Allah a ba ni dama in haɗa laftof ɗina da firintar nan kai tsaye, na tuba da filash." Ya ce, "In ka iya, bismillah. Amma kar ka taɓa mini saitin firinta." Na buɗe wurin ƙara firinta na cikin saiti, na danna, wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa. Ya fi minti goma yana juyawa, bai ce ya samu ba, bai ce ya rasa ba. Nan ne na rufe shi na buɗe taminal.

Na san da yawa daga cikinmu, har da 'yan Kimiyyar Kwamfuta, da sun ga baƙin allon nan sai gabansu ya faɗi. To amfaninsa a wannan aikin guda ne: idan abu ya ƙi, zai gaya maka a wane mataki ya ƙi. Ɗan da'irar nan mai juyawa ba ya gaya maka komai.

Wanda ke karɓar aikin bugawa a Linux wata manhaja ce mai suna CUPS. Wani Ba'amurke, Michael Sweet, shi ya rubuta ta, ta fito a 1999. Kamfanin Apple ya fara amfani da ita a kwamfutocinsa a 2002, daga baya a 2007 ya saye ta gaba ɗaya, ya kuma ɗauki mutumin aiki. Saboda haka mai MacBook ya saurara da kyau, kusan duk umarnin lp da lpadmin da zan kawo suna aiki a wurinsa. 'Yan Windows ku yi haƙuri, naku na can ƙasa, amma ku karanta daga nan, don matsalolin iri ɗaya ne.

A Ubuntu ka danna Ctrl da Alt da T tare, taminal zai buɗe. Ka fara tabbatar CUPS na raye:

lpstat -r

Idan ya ce "scheduler is running", madalla. Idan bai san umarnin ba ma, ko ya ce ba ya gudana, sai ka sa shi ka tayar da shi:

sudo apt install cups cups-client cups-ipp-utils
sudo systemctl start cups

Gargaɗi tun daga nan: taminal yana bambanta babban baƙi da ƙarami. A wurinsa -p daban, -P daban. Ka kwafa yadda na rubuta.

Kuna unguwa ɗaya kuwa?

Rabin wahalar da na ga ɗalibai na sha a nan take, kuma ba ruwanta da firinta. Kowace na'ura a netwok tana da adireshi, lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kamar 192.168.0.50. A ƙananan netwok irin na lab da ofis, lambobi ukun farko su ne unguwa, ta ƙarshe ita ce lambar gida. Idan kai da firinta ba unguwarku ɗaya ba, kuma ba wanda ya buɗe hanya tsakani, ko shekara za ka yi kana aika saƙo ba zai isa ba.

Adireshin firinta a jikinta ake samu. Mai ɗan allo a gaba, ka duba cikin menu wurin bayanan netwok. Wadda ba ta da allo, yawanci akwai maɓallin da ake dannawa ta fitar da shafin bayanan kanta, adireshin na ciki. Malam ne ya fitar mana da wannan shafin, muka ga 192.168.0.50. Sai na duba nawa:

hostname -I

Ya ba ni 192.168.43.117. Kun ga matsalar? Ashe tun a hostel laftof ɗin ta maƙale wa hotspot na wayata, wayar kuma tana aljihuna. Wayoyin Android na da can 192.168.43 suke rabawa, iPhone kuma 172.20.10. Wato duk minti goman da na yi ina kallon da'ira, a cikin aljihun wandona nake neman firinta. Na kashe hotspot, na soka kebul na lab, na sake dubawa, sai ga 192.168.0.23. Yanzu mun zama maƙwabta.

Akwai wata lamba da ya kamata ka gane da ganinta. Idan adireshinka ko na firintar ya fara da 169.254, ma'anarsa na'urar ta nemi adireshi wurin rauta ba a ba ta ba, sai ta ƙirƙiro wa kanta. Ko dai kebul ɗin ya mutu, ko rautar ba ta kunne, ko ramin da aka soka ba ya aiki. Kar ka ci gaba sai ka gyara wannan.

Daga nan sai ka yi sallama:

ping -c 4 192.168.0.50

Idan amsa huɗu suka dawo da lokacinsu, firintar ta ji ka. Idan shiru, kuma ka tabbatar unguwa ɗaya kuke, ka tuhumi Wi-Fi ɗin. Yawancin Wi-Fi na baƙi da na jama'a an saita su ne ta yadda kowa zai iya fita intanet amma ba wanda zai ga na kusa da shi. Da gangan aka yi hakan, don tsaro, kuma ba abin da za ka rubuta a laftof ɗinka da zai canza shi. Ka nemi kebul, ko ka nemi mai kula da netwok ɗin.

Ta wace ƙofa za a shiga?

Samun gida daban, sanin ƙofa daban. Firintar netwok na da ƙofofi masu lamba, kowace da irin maganar da ake yi a bakinta. Uku ne suka dame mu. Ƙofa ta 631 ita ce ta IPP, hanyar zamani, inda kwamfuta da firinta ke hira sosai: kina da takarda? kina iya buga gaba da baya? aikin nan ya kammala? Ƙofa ta 9100 kamfanin HP ne ya yayata ta da katinsa na JetDirect. Ita ba hira, duk abin da aka zuba mata haɗiyewa take ta fitar a takarda. Sai 515, ta LPD, tsohuwar hanya tun zamanin Unix na da, wadda har yau ake samun ta a manyan injinan fotokwafi. Ga yadda ake ƙwanƙwasawa:

nc -zv 192.168.0.50 631
nc -zv 192.168.0.50 9100

Wadda ta ce "succeeded" a buɗe take. Wadda ta ce "refused" a kulle. Idan 631 ta buɗe, ka yi murna, don akwai yiwuwar ba ka buƙatar direba ko ɗaya. Firintocin da ke karɓar bugu daga iPhone ta AirPrint, wanda Apple ya fito da shi a 2010, ko masu bin tsarin IPP Everywhere, da bakinsu suke faɗa wa kwamfuta abin da suka iya. Kana iya tambayar ta da kanka ka ga amsar:

ipptool -tv ipp://192.168.0.50/ipp/print get-printer-attributes.test

Zai zubo rubutu mai yawa, kar ka tsorata. Ka nemi layin da ya fara da document-format-supported. Idan ka ga image/pwg-raster ko image/urf a ciki, shi ke nan, tana jin yaren zamani.

Wanda ke ƙyuyar neman adireshi zai iya gwada ippfind shi kaɗai, ko lpinfo -v, su zagaya su kawo firintocin da ke sanar da kansu a netwok. Wani lokaci suna kawowa, wani lokaci ba sa ganin komai alhali firintar na nan lafiya lau, saboda an toshe irin wannan sanarwar. Ni dai na fi yarda da adireshin da na karanta a takarda da idona.

Layin da ke yin aikin

Duk abin da ya gabata share fage ne. Haɗawar kanta layi ɗaya ce:

sudo lpadmin -p Firintar_Lab -E -v ipp://192.168.0.50/ipp/print -m everywhere

Bari mu warware shi. Abin da ke bayan -p suna ne da kai ka ga dama ka raɗa mata, sai dai ba a sa fili a tsakani, ba a sa / ko #. Abin da ke bayan -v shi ne inda take da hanyar da za a bi. Shi kuma -m everywhere cewa yake: je ka tambaye ta abin da ta iya, ka tsara komai a kan amsarta. Don haka dole firintar ta kasance a kunne lokacin da kake rubuta wannan layin, in ba haka ba zai ce ya kasa haɗuwa da ita.

Sai -E, wanda ya ci mini kusan rabin awa. Wurin da ka ajiye shi yana canza ma'anarsa. Idan ya zo bayan -p da sunan, yana nufin a kunna firintar ta fara karɓar aiki. Idan ka sa shi kafin -p, yana nufin a ɓoye hirar da ke tsakaninka da CUPS, wani abu ne can daban. Ni a gaba na sa shi da farko. Umarnin bai yi ƙorafi ba, firinta ta bayyana a jeri, amma duk abin da na tura sai a ce ba ta karɓar aiki. In haka ta same ka ba sai ka goge ka sake ba:

sudo cupsenable Firintar_Lab
sudo cupsaccept Firintar_Lab

To idan tsohuwa ce fa, 9100 kaɗai ta buɗe? Irin waɗannan sun cika ofisoshinmu, 'yan gwanjo masu ƙarfi kamar jaki, kuma ni ban raina su ba, sau da yawa sun fi sababbin juriya. Su sai da direba, domin ba za su gaya maka yarensu ba. Ka duba abin da kake da shi:

lpinfo -m | grep -i laserjet

Ka canza laserjet da sunan taka. Idan ka ga samfurinta a jerin, ka kwafi kalmar farko ta layin ka sa bayan -m. Idan babu, CUPS na zuwa da direbobin gama-gari, kuma tsofaffin LaserJet da yawa na jin yaren PCL:

sudo lpadmin -p Tsohuwa -E -v socket://192.168.0.60:9100 -m drv:///sample.drv/laserjet.ppd

Zai yi maka gargaɗi cewa direbobi sun kusa daina aiki a CUPS na gaba. Gargaɗi ne kawai, aikin ya yi. Amma ka kula, a nan ne ake asarar takarda. Idan ka tura wa firinta yaren da ba ta ji ta ƙofar 9100, ba za ta ce ba ta gane ba. Za ta ɗauki abin a matsayin rubutu, ta dinga fitar da shafi bayan shafi, kowanne da layi ɗaya ko biyu na shirme a sama. Kafin ka farga rabin rim ya tafi. Shi ya sa gwajin farko shafi ɗaya ake yi, kuma takarda biyar kacal nake bari a tire har sai na ga abin da ya fito. Ƙananan firintocin nan masu araha kuwa, irin LaserJet 1020, ba sa jin PCL ɗin gama-gari, nasu direban daban ne, kuma yawancinsu USB kawai gare su. Zan dawo kansu.

Bugawa, da inda kuɗi ke zurarewa

Ka mai da ita firintarka ta kullum, sannan ka tura gwaji:

lpoptions -d Firintar_Lab
lp -P 1 -o media=A4 babi3.pdf

Zai ba ka lambar aiki, kamar Firintar_Lab-1. Ka riƙe ta, da ita ake soke aiki.

Kar ka raina media=A4 ɗin nan. Takardar da muke saya a Nijeriya A4 ce, milimita 210 a faɗi, 297 a tsawo. Amurkawa kuma Letter suke amfani da ita, wajen milimita 216 da 279, ta fi faɗi ta fi gajarta. Laftof ɗin gwanjo da aka shigo da su daga can, da Word ɗin da ke kansu, sau da yawa a kan Letter suke. Sakamakon shi ne ko firinta ta tsaya tana ƙyafta jar wuta tana jiran takardar da babu ita a kasuwarmu, ko ta buga amma gefen da aka bari don ɗinki ya goce. Sufabaiza mai auna gefe da rula ba zai saurari labarin Amurka ba. Ka gyara girman takarda tun a cikin Word ɗin, ka kuma faɗa wa lp.

Kuma PDF ake turawa. lp bai san abin da zai yi da fayil ɗin Word ba. In kana da LibreOffice, ga hanyar juyawa:

libreoffice --headless --convert-to pdf babi3.docx

Ka buɗe PDF ɗin ka duba shafi-shafi kafin ka tura, don tebur da hotuna kan motsa wurin juyawa. Wanda ya rubuta aikinsa a Word, ya fi masa sauƙi ya fitar da PDF ɗin daga Word ɗin kanta. Akwai wata fa'ida ga masu rubutu da Hausa a cikin aikinsu, ko a takardar tambayoyi ko a sunayen garuruwa. Kun san yadda ƙ da ɗ da ɓ ke komawa akwati-akwati idan aka buɗe fayil a kwamfutar da ba ta da irin haruffan da ka yi amfani da su. PDF na iya ɗaukar haruffansa a cikinsa. Ka rubuta pdffonts babi3.pdf, ka duba ƙarƙashin emb, in duk layukan sun ce yes to ƙugiyoyinka za su fito yadda ka rubuta su.

Ga wani tarko da ya kama ni, na tabbata zai kama wani. Sufabaiza ya ce in gyara shafi na 31 zuwa 34 in kawo. Na rubuta -P 31-34, na je na ɗauko, sai na ga shafi na 21 zuwa 24 a hannuna. Dalili kuwa, lp daga bangon farko yake ƙirga. Shafin take, sadaukarwa, godiya, tsakure, jerin abin da ke ciki, duk waɗannan masu lambar Romawa, shi a wurinsa 1, 2, 3 ne. Nawa guda goma ne, don haka 41-44 ya kamata in rubuta. Ka duba lambar da manhajar karanta PDF ke nunawa a sama, ita ce lp ke bi.

Daftarin da za ka karanta da kanka ka yi gyara da biro bai cancanci takarda mai yawa ba:

lp -o media=A4 -o sides=two-sided-long-edge -o number-up=2 furojet.pdf

Gaba da baya ke nan, kuma shafi biyu a kowace fuska. Aiki mai shafi 84 zai shige takarda 21. Sai dai firintar ta kasance mai iya juya takarda da kanta. lpoptions -p Firintar_Lab -l zai nuna maka abin da ta iya. Kwafin ƙarshe kuma ka bi ƙa'idar sashenku, mu namu fuska ɗaya suka ce. In kwafi da yawa za ka fitar, ka haɗa da -n 4 -o collate=true. Idan ka manta collate, kana iya samun shafi na ɗaya sau huɗu, na biyu sau huɗu, ka zauna a ƙasa kana rabawa kamar mai raba karta.

Don ganin abin da ke layi, lpstat -o. Don soke guda, cancel Firintar_Lab-7. Don share duka, cancel -a Firintar_Lab.

Bayan an ɗauke wuta

Ranar farko na buga babina biyu na tafi ina jin kaina. Kwana biyu bayan nan na dawo da gyara, na tura, shiru. Na sake turawa, shiru. Malam ya leƙo ya ce, "Injiniya, yau kuma me ya faru?" Na yi ping, ba amsa. Muka sake fitar da shafin bayanai, sai ga firinta ta koma 192.168.0.37.

Abin da ya faru shi ne wannan. Rauta ce ke raba adireshi, ta hanyar da ake kira DHCP, kuma aro take bayarwa. An ɗauke wuta, an tayar da janareta, komai ya mutu ya tashi. Ƙananan rautoci da yawa in sun mutu mantawa suke da wa suka ba me, sai su sake rabo, wanda ya riga tashi ya riga samu. A ƙasar da wuta ke yin wata ba ta ƙifta ba, mutum zai iya shekara bai ga wannan matsalar ba. Mu nan a rana ɗaya sai ta faru sau uku. Gyaran gaggawa shi ne a nuna wa CUPS sabon gida, ba sai an goge komai ba:

sudo lpadmin -p Firintar_Lab -v ipp://192.168.0.37/ipp/print

Gyara mai ɗorewa iri biyu ne. Na farko, wanda ya fi, mai kula da netwok ya shiga rauta ya keɓe wa firintar adireshi ɗaya na dindindin, ko ya sa mata tsayayye a jikinta. Wannan ba aikin ɗalibi ba ne, roƙo ake yi. Na biyu yana hannunka: ka kira ta da suna maimakon lamba. A shafin bayanan nan akwai sunan da firintar ke amsawa a netwok. Ka ƙara masa .local a ƙarshe ka sa a gurbin lambobin, wato ipp://sunanta.local/ipp/print. Ka fara gwada ping da sunan. In ya amsa, to ko adireshi ya canza laftof ɗinka za ta nemo ta. Mu na farkon muka yi, Malam ya keɓe mata 50 ɗin, har yau tana nan.

Ɗaukewar wuta na da wani sharrin. Idan ta tafi ana tsakiyar bugu, a wasu kwamfutocin CUPS dakatar da firintar yake yi gaba ɗaya, kuma ko wuta ta dawo ba zai sake ta da kansa ba. lpstat -p zai nuna maka "disabled since" da lokacin da abin ya faru. cupsenable ne maganinsa. Don kar ya maimaita:

sudo lpadmin -p Firintar_Lab -o printer-error-policy=retry-job

Yanzu in an sami tangarɗa zai jira kaɗan ya sake gwadawa. In duk ka bi waɗannan abu ya ƙi, CUPS na rubuta kukansa a /var/log/cups/error_log. Ka karanta layukan ƙarshe da sudo tail -n 30 /var/log/cups/error_log kafin ka fara zargin mutanen ƙauye.

Na yi alkawarin dawowa kan firintar USB. Ita ba ta da adireshi, sai dai ta ari na kwamfutar da aka soka ta. In kwamfutar Linux ce kuma firintar na aiki a kanta, a can za a rubuta cupsctl --share-printers, sannan sudo lpadmin -p Sunanta -o printer-is-shared=true. Kai kuma daga laftof ɗinka sai ka yi lpadmin ɗin nan na sama, amma bayan -v ka sa ipp://adireshin-kwamfutar:631/printers/Sunanta. Sharaɗin dai kwamfutar can ta zauna a kunne. 'Yan kwamitin ƙungiyoyin ɗalibai masu firinta ɗaya a sakatariya, wannan zai rage muku layi.

'Yan Windows

Ku buɗe PowerShell a matsayin administireta. Adireshinku ipconfig ke nunawa, ping kuma iri ɗaya ne, sai dai ba a sa -c 4. Ƙwanƙwasa ƙofa:

Test-NetConnection 192.168.0.50 -Port 9100

In TcpTestSucceeded ya ce True, sai a ci gaba. A Windows mataki uku ne, a buɗe hanya, a duba direba, a ɗaura su tare:

Add-PrinterPort -Name "Lab50" -PrinterHostAddress "192.168.0.50"
Get-PrinterDriver
Add-Printer -Name "Firintar Lab" -DriverName "sunan direba" -PortName "Lab50"

Sunan direban dole ya zo daidai da yadda Get-PrinterDriver ya nuna shi, harafi da harafi. In babu shi a jerin, ku sauko da shi daga shafin kamfanin da ya ƙera firintar, ku guji shafukan nan masu maɓallin saukewa guda biyar, in ba haka ba kun gudu daga bairos ɗin filash kun faɗa wa wanda ya fi shi. Idan kuma wata kwamfutar Windows ce ke raba firintar, layi ɗaya ya isa: Add-Printer -ConnectionName \\SunanKwamfuta\SunanFirinta.

Wata magana da ba zan tsallake ba. Ƙofar 9100 ba ta tambayar waye kai. Duk wanda ya shiga netwok ya san adireshi zai iya bugawa. A ƙarshen 2018 wani ya yi amfani da irin wannan sakacin ya sa firintoci wajen 50,000 da aka bari a buɗe a intanet suka buga tallan wani ɗan YouTube, PewDiePie. Iya yin abu bai zama izini ba. Tona tsada gare ta, kuma firintoci da yawa na ajiye tarihin ayyukan da aka turo musu. Ranar da wani ya buga littafi mai shafi 300 a ɓoye, ranar za a zare kebul ɗin, mu duka mu koma bakin get. Ka nemi izini, ka zo da takardarka. Ta ɓangaren laftof ɗinka kuma, a Satumban 2024 wani mai binciken tsaro ɗan Italiya, Simone Margaritelli, ya fallasa wata ɓaraka a cups-browsed, ɓangaren da ke nemo firintoci da kansa. An toshe ta, amma sai ka sabunta kwamfutarka gyaran zai iso gare ka: sudo apt update, sannan sudo apt upgrade. Tunda da hannu ka haɗa taka firintar, kana ma iya kashe shi da sudo systemctl disable --now cups-browsed.

Sai abu na ƙarshe da ya same ni. Kun tuna ranar da adireshi ya canza, na yi ta turawa shiru? Sau uku na tura, ban soke ko ɗaya ba. Ayyukan suna nan a layi suna jira. Ina gyara adireshin sai firinta ta farka ta fara aman babi na huɗu, kwafi uku, shafi 19 kowanne, a kan takardar da wata 'yar ajinmu ta zuba don nata aikin. Sai da na saya mata wata. Tun daga ranar, kafin in gyara komai sai na rubuta lpstat -o na ga abin da ke jira. Ranar da na karɓi takardar sallama daga sashe kuma na goge firintar daga laftof ɗina da sudo lpadmin -x Firintar_Lab, na rubuta layin haɗawar a 'yar takarda na ba Malam. Ya manna ta da salatif a gefen firintar, ƙasan inda aka rubuta a zo da takarda.